Shirin safe: wa zai yi wa baƙo tambaya ta biyu?

Duk wanda ya bi layin shagunan unguwarmu bayan sallar asuba ya san yadda abin yake. Kafin mai shayi ya gama hura wuta rediyo ta riga ta fara magana. Ƙarfe shida da rabi a ji BBC, in an gama a murɗo tashoshin gida, samari kuma su jawo na Kano ta waya. Daga nan har hantsi ya dubi ludayi, shirin safe ne abokin hirarmu: a karanto jaridu, a kawo baƙo, a buɗe layi. Mun daɗe muna sauraro, don haka muna ganin muna da bakin magana a kansa.

Mu fara da yabo, don kada a ce mun zo da gatari. Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, da shirye-shirye irin su Inda Ranka, talaka ya gane cewa shi ma muryarsa tana iya fita ta akwatin nan, ba ta gwamna da kwamishina kaɗai ba. Salon ya bazu har ya iso Yobe. Lokacin ambaliyar 2022, da lokacin wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, da yawanmu ta bakin masu bugo waya muke jin wace hanya ce ruwa ya yanke, wace kasuwa ce ake karɓar tsohon kuɗi. Ga cigiya, ga sanarwar rasuwa. Wannan alheri ne, Allah ya saka.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Mai gabatarwa zai kawo babban jami'i, ya yi masa tambaya mai kyau, jami'in ya amsa da dogon bayani, sai ka ji an ce "to madalla, ranka ya daɗe", an wuce. Tambaya ta biyu, wadda ita ce mai nama, ba a yin ta. Mu 'yan kasuwa mun san in mutum ya ce maka buhunsa cike yake, ba ka cewa madalla. Ɗagawa kake yi, ka soka hannu, in ta kama ka juye ka auna da mudu.

Ɗauki maganar ciwon ƙoda a Gashuwa da kewayenta. Mu nan Jajimaji tsakanin Nguru da Gashuwa muke, babu wanda bai je gaisuwar wani da wannan ciwo ya ɗauka ba. Mu da muke tsayawa gaban gawa in liman ba ya nan, mun fi kowa sanin yawan matasan da ke ciki. An sha kawo maganar a shirin safe. An ce gwamnati ta sa masana na Jami'ar Jihar Yobe su yi bincike, an ce wankin ƙoda kyauta ne a asibitin koyarwa na Damaturu. Duka an gode. Amma sai mu zauna muna jiran wanda zai ce: to ranka ya daɗe, kafin bincike ya ƙare, ruwan wace rijiya za mu sha, wanne za mu bari? Wanda zai je Damaturu sau biyu a mako, da wane kuɗin mota, tun da aka cire tallafin mai a 2023? Wanda ke jinya a ƙauye, wa zai gaya masa alamomin farko? Shiru. Sai a sako kiɗa, sai tallar maganin gargajiya mai warkar da cuta arba'in, har da ƙodar. Wannan kam abin kunya ne, a shiri guda, minti biyar tsakani.

Haka maganar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja zuwa Nguru. Masunta da manoman shinkafa sun fi shekara ashirin suna kuka. Duk damina za a yi maganar, duk rani a manta. Ba mu taɓa jin mai gabatarwa ya ce "bara war haka kun ce za a yashe, ga muryarka mun ajiye, ina aka kwana?" ba. Alhali ajiye murya yanzu ko yaron shago yana iya yi da wayarsa.

Ɓangaren kasuwanci kuwa, a gaskiya ba don mu ake yin sa ba. A karanto farashin dala, a karanto na Dawanau. Mai riɗi da wake da ƙaro a Karasuwa so yake ya ji nawa aka sayi buhu a Nguru, nawa a Gashuwa, nawa direba ke karɓa zuwa Kano, shinge nawa ne a hanya. An gina sababbin kasuwanni a Nguru da Gashuwa, an yi ta yabon gini. Yadda ake raba shaguna da abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai biya, shi ne abin da muka so a zauna a kai, a baje shi filla-filla.

Sai siyasa, inda lokacin shirin yake ƙarewa. Lokacin rigimar takarar Sanata Ahmad Lawan da Bashir Machina, wadda sai Kotun Ƙoli ce ta raba a Fabrairun 2023, kowa ya ji yadda layukan waya suka koma. Muryoyi biyar ko shida, kullum su ne, har mun haddace gaisuwarsu. Mutumin da ba a san sana'arsa ba amma kullum yana da katin bugo waya na minti goma, ai ba sai an gaya maka wa ke saya masa ba. Sojojin baka ke nan. Siyasa ba haram ba ce, amma a faɗa mana fili ne aka saya, kamar yadda ake faɗa in tallar sabulu ce. Kuma mai gabatarwa ya sani, ƙazafin da ya bari ya fita ta na'urarsa yana da kamasho a ciki. Suratul Hujurati ta yi mana gargaɗi kan karɓar labari ba tantancewa, kuma ba ta cire mai makirfo ba.

A nan muna da magana da yaranmu. Kakanninmu jirgin ƙasa da fatauci suka biyo, daga Kano da Haɗeja da Damagaram, Mangawa da Badawa suka ba su wurin zama. Da yake da Hausa ake yawancin shirye-shiryen, bakin yaranmu ya fi na kowa kaifi a waya. In ɗan unguwar nan ya bugo ya ci mutuncin wani babba na ƙasar nan, ba a cewa wane ne ya faɗa, cewa ake yi Hausawa sun ce. Ya taɓa faruwa, kuma mu dattawa ne muka sa hula muka je ban haƙuri, shi kuwa yana kwance yana barcin hantsi.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin kowace tasha ba. A ware rana guda a mako wadda ba za a kawo sabon zance ba, sai dai a dawo da alkawuran da aka yi a shirin a tambayi inda suka tsaya. A samu mutum ɗaya a Nguru, ɗaya a Gashuwa, mai bugo farashi ranar kasuwa. In ana neman na Jajimaji, a unguwar nan akwai masu riƙe littafin awo da za su yi shi ba ko sisi.