Ruwan Tiga ba ya jiran NEPA: darasi ga masu ƙera manhaja

Mai karatu, in ka taɓa bi ta Kadawa da rani, ka ga gonakin shinkafa da tumatir da alkama kore shar tsakanin Kura da Bunkure. Ruwan da ke shayar da su daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974, kuma gangara ce kawai ke kawo shi ta magudanai. Ba ruwansa da ɗauke wuta ko tsadar dizal. In ya tsaya, ido na ganin dalili: yashi ko ciyawa ne suka toshe hanya, sai a yashe.

To, kwatanta wannan da irin manhajar da muke yi wa manomin wurin. Sai yana da babbar waya, da caji, da data, da sabis mai ƙarfi. Sai ya tuna lambar sirri, ya jira saƙon tantancewa, sannan kwamfutar kamfanin ta amsa. Ɗaya ya kuskure, aiki ya tsaya, kuma ba wanda ya san inda ta lalace.

Ga lissafin. A ce manhajarka ta dogara da abubuwa 10 a jere, kowanne yana aiki sau 99 cikin 100. Ka ninka 0.99 sau 10, za ka samu kusan 0.90. Wato duk gwaji 10, ɗaya zai faɗi. Rage su zuwa 3, ka koma 0.97. Duk abin da ka ƙara, wata ƙofar lalacewa ce ka buɗe.

Shirin GES na rabon taki da aka fara a 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, ya gane wannan: saƙon tes ne ake tura wa manomi a ƙaramar wayarsa. Duk da haka, rashin sabis a ƙauyuka ya ba shi wahala. Ka ga ko abu guda da ka jingina da shi, sai ka tanadi mafita in ya ƙi.

Ba cewa muke a guji fasaha ba. Amma tumatir ba ya jira. Manomin da ya tsinke kwanduna da safe yana neman farashi ko mota, in manhajarka ta tsaya tana juyi, kafin yamma asara ta hau kansa.

Don haka kafin ka ƙara wani maɓalli, tambayi kanka: in wannan ya lalace a Bunkure, wa zai gane, kuma wa zai gyara? In ba ka da amsa, cire shi.