Kangon da Ba Aljani a Ciki: Sharhi kan Profondo Rosso

A shagunan tura fina-finai a waya na Katabu, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, fassarar Indiya da Kannywood ne ke ci, da wuya a ji mai tambayar fim ɗin Italiya. Amma marubutanmu na labaran ban tsoro suna da abin koyo a Profondo Rosso, wato ja wur, wanda Dario Argento ya fitar a 1975.

Italiyawa na kiran irin wannan fim giallo, ma'ana rawaya, saboda launin bangon littattafan binciken kisa da kamfanin Mondadori ya fara bugawa a 1929. David Hemmings ya fito a matsayin Marcus, makaɗin piyano ɗan Ingila, wanda ya hango ta taga ana kashe maƙwabciyarsa. Ya ruga ciki, ya ratsa wani lungu mai cike da zane-zane. Daga baya zuciyarsa ta yi ta raya masa cewa zane ɗaya ya ɓace. Ashe madubi ne, fuskar mai kisan ya gani. Mu ma an nuna mana ita a farkon fim, duk wanda ya mayar da kallon baya zai tarar da ita. Argento bai yi mana rufa-rufa ba, hankalinmu ne ya tafi wani wuri.

Bincike ya kai Marcus wani tsohon gida da ake cewa ana jin ihun yaro a cikinsa da dare. A Villa Scott da ke birnin Turin aka ɗauki wannan sashe, kiɗan ƙungiyar Goblin na tayar da tsikar jiki. A labaranmu, nan ne aljani zai bayyana, a kira malami, ruƙiyya ta kashe magana. Marcus kuwa ya kankare bango ya ga zanen da wani yaro ya yi na kisan da ya shaida, sannan ya gano ɗakin da aka toshe da gawa a ciki. Mai laifin ɗan gida ne, kuma wani ɗan gidan ya rufa masa asiri shekara da shekaru.

Fim ɗin yana da aibu. Kyamara na daɗewa kan raunukan matan da ake kashewa fiye da yadda labarin ke buƙata, barkwancin Marcus da 'yar jarida Gianna kuma yana sanyaya tsoron.

Duk da haka darasin na nan. Idan marubuci ya ɗora kowane mugun abu a kan iska ko maye, ya wanke mutanen gidan, mai karatu ya rufe littafi hankali kwance. Mun san gidajen da aka binne zaluncin maraya ko cin gadon mata, aka ce wa yara su yi shiru. Marubucin da ya iya kai mu irin wannan ɗaki, ya kuma ajiye shaidar a gabanmu tun shafin farko, shi muke jira.