Gurbin Sanƙira a Waƙar Makaɗi Mai Zaman Kansa

Manazarta waƙar baka sun saba raba makaɗa gida biyu, watau makaɗan fada da makaɗan jama'a, amma ba kasafai suke duba yadda hanyar samun abinci take shafar ginin waƙar ba. Ibrahim Narambaɗa yana da ubangida tsayayye, Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya ɗauke masa ci da sutura da doki. Saboda haka ya sami sukunin zama da 'yan amshinsa suna tace ɗiyan waƙa kafin a kai ta fada, kuma ana jin wannan natsuwa a Bakandamiyarsa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai ɗaure kansa ga fada guda ba. Duk inda ya sauka nan ne kasuwarsa, shi ya sa waƙarsa ta zama mai gajeren gindi, mai buɗaɗɗen ciki, yadda duk wanda ya yi kyauta zai sami wurin shiga.

Amma fa ko Shata bai haɗa waƙa da ciniki a bakinsa shi kaɗai ba. Akwai sanƙira. Shi ne mai sanar da kyauta, mai zuga wanda ya noƙe, mai tuna wa jagora asalin mutum. Roƙon yana wajen waƙa, a bakin wani.

Wannan gurbi ne ya ɓace wa mawaƙin situdiyo. A ƙasar Bagudo, daga Matsinkai har kan iyakar Binin, inda liƙin biki yakan zo da naira da sefa, na saurari waƙoƙin aure da yawa waɗanda saurayi guda ya tsara, ya biya mai fiyano, ya yi cinikin lada da iyayen amarya. Masu tura waƙa a waya ba sa ba shi ko anini, don haka kuɗinsa duka yana wurin wanda ya sa aikin. Sakamakon a bayyane yake: ɗa biyu ko uku na farko sukan zo da azanci, wani lokaci har da habaici mai daɗi, daga nan sai jerin sunayen ƙawaye da 'yan uwa har ƙarshe. Ambaton suna ba aibi ba ne, Musa Ɗanƙwairo ma ya yi shi, sai dai shi yakan rataya wa kowane suna kirari ko tarihi. A nan kuwa sunan tsurarsa yake zuwa, domin aikin sanƙira ne ya shigo cikin waƙar ba tare da an sarrafa shi ba.