Kirarin Da Ake Yi Wa Nairobi, Da Abin Da Ya Bari A Baya

Duk mai bibiyar rubuce-rubucen da ake yi kan fasahar zamani a Afirka ya san kirarin da aka laƙaba wa birnin Nairobi, wato Silicon Savannah. Sunan aro ne daga kwarin nan na Kalifoniya inda Google da Apple suke. Ni dai ban ƙi kirarin ba, amma ina da ja kan yadda marubuta ke ba da labarin.

Gaskiya ne birnin ya yi rawar gani. A 2007 kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa, leburan da ke birni ya samu hanyar aika wa mahaifiyarsa kuɗi ƙauye da ƙaramar waya, ba sai ya nemi direban mota ba. Da rikicin zaɓe ya ɓarke a ƙarshen wannan shekarar, Ory Okolloh da abokanta suka ƙirƙiro Ushahidi, wato "shaida" da Swahili, mutane na tura rahoton inda ake tashin hankali ana sa shi a taswira. A 2009 wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta iso Mombasa, a 2010 aka buɗe iHub, matattarar matasa masu rubuta manhaja.

Abin lura a nan, M-Pesa da Ushahidi buƙatar talaka ce ta haife su, kuma saƙon waya mai arha ne ya ɗauke su. Amma in ka karanta yawancin sharhin, sai ka ga ana ta lissafin dalolin masu zuba jari, ana nuna hoton gine-ginen gilashi. Ita ma gwamnati wannan hoton ta bi. A 2013 shugaba Mwai Kibaki ya aza harsashin Konza, sabon birnin fasaha mai eka 5,000 a kan hanyar Mombasa. Shekaru sun shuɗe ginin na tafiyar hawainiya, alhali sana'ar na ci gaba a cikin cunkoson tsohon birni, inda masu saye da sayarwa suke.

Babban giɓin labarin kuwa shi ne ma'aikatan bayan fage. A Janairun 2023 mujallar Time ta ruwaito cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Nairobi sun yi aikin tantance munanan rubuce-rubuce domin tsabtace ChatGPT kan ladar da ba ta kai dala 2 a awa ba. A shekarar ne kuma masu tace abin da ake sakawa a Facebook su fiye da 180 suka garzaya kotu bayan an sallame su. Cikinsu har da masu duba rubutun Hausa. Ke nan zagi da hotunan kisa da ba su iso wayoyinmu a Maraɗi ko Kumasi ba, wani ɗan'uwanmu ne ya zauna a Nairobi yana kallonsu daga safe har yamma.

Don haka nake roƙon marubutanmu, in za mu yi wa wani birni kirari, mu tambayi wanda ya zuba kuɗin, da inda ribar ke kwana, da abin da ake biyan mai aikin. Labarin da ya ambaci sunan mai kamfani ya tsallake waɗannan ma'aikatan rabi ne, kuma da rabin nan ne ake kwaɗaita wa shugabanninmu su gina irin Konza a gida.