A Taɓa Jibiya, Lissafi Ya Biyo

Babban ɗan kasuwar da ke sayar da kayan masarufi a Babbar Kasuwar Katsina ba littafi ɗaya yake riƙewa ba. Akwai na sito, inda ake rubuta buhun sukari da katan ɗin taliya da jarkar mai da suka shiga ko suka fita. Akwai na cinikin yau da kullum. Akwai littafin bashi, wanda ba kowane yaron shago ake bari ya buɗe ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma aka samu ƙari, wato tiransifa da rasit ɗin POS. Idan maigida ya tambayi nawa ake bin mutanen Jibiya, kuma me suka fi ɗauka tun bayan sallah, sai a baje littattafan nan a kan benci, ana lasar yatsa ana juya shafi har la'asar.

Na ga wani saurayi akawu yana amsa irin wannan tambaya kafin shayin maigidansa ya huce. A gefen allon kwamfutarsa akwai maɓallai a jere: Jibiya, Mashi, Daura, Charanchi, Dutsin-Ma, Maraɗi. Ya taɓa Jibiya. Jadawalin ciniki ya tsuke, ya bar na Jibiya kaɗai, na bashi ya bi, na kaya ma haka.

"Ranka ya daɗe, ga shi."

Alhaji ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. "To, yaro, nuna mini Mashi."

Taɓa maɓallin ko ɗan firamare zai iya. Kamfanin Microsoft ya sa irin wannan maɓallin tacewa a Excel tun fitowar 2010, kuma manhajarsa ta Power BI da ta zo a 2015 ita ma tana da shi. Gwanintar tana cikin aikin da aka yi tun kafin a zo nan, wato ɗaura jadawali da jadawali.

Abu na farko, saurayin ya ware jadawali guda na abokan ciniki, kowa da layinsa ɗaya tak: lamba, suna, gari. A jadawalin ciniki da na bashi ba ya sake rubuta suna, lambar kawai yake sa wa. Wanda ya san Katsina ya san dalili. Alhaji Musa nawa ne ke ɗaukar kaya a shago guda? Mutum kan bambance su da fuska ko laƙabi, kwamfuta kuwa sai ta haɗe bashinsu wuri ɗaya, ko ta raba mutum ɗaya gida uku saboda yau an rubuta Dutsinma, gobe Dutsin-Ma, jibi D/Ma. Wannan dabara ta rubuta abu sau ɗaya a riƙa kiransa da lamba ba sabuwa ba ce; Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa ƙa'idarta a 1970, kuma a kanta rumbunan bayanan bankuna suke tafiya har yau.

Na biyu shi ne inda na fi jinjina masa. Maɓallin gari daga jadawalin abokan ciniki ya ɗauko shi, ba daga na ciniki ba. Tacewa kamar ruwa take, daga tudu take gangarowa: daga inda mutum ya bayyana sau ɗaya zuwa inda ya bayyana sau da yawa. Idan aka kafa maɓallin a jadawalin ciniki, ciniki zai tace kansa, amma bashi ko gezau. A Excel ma sai an bi kowane jadawalin taƙaitawa an nuna cewa maɓallin yana iko da shi. Wanda aka manta zai zauna da jimlar bashin shago gaba ɗaya alhali a sama an rubuta Jibiya, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Irin wannan ne ke sa a kira bawan Allah a waya a tuhume shi da kuɗin da bai ci ba.

Gwani yana da alamomin da yake dubawa. Idan adadi ɗaya ya maimaitu a kowane layi, ya san igiyar da ta haɗa jadawalan ta tsinke. Idan layi marar suna ya fito da kuɗi a gabansa, wani ya rubuta lambar da babu mai ita, galibi ranar da ciniki ya yi zafi.

Gobarar da ta ci sashen kasuwar a watan Maris na 2021 ta tuna wa kowa cewa littafin bashi takarda ne, shi ya sa saurayin ke ajiye kwafi a intanet. Amma littafin bai bar shagon ba. Duk sanda saurayin ya ƙara sabon jadawali, sai ya zaɓi mutum biyu ko uku da Alhaji ya haddace bashinsu, ya tace su ɗaya bayan ɗaya, ya gwada da abin da ke rubuce da biro. Sai uku ɗin sun yi daidai, kan Alhaji da littafi da allo, sannan yake barin sauran yaran shago su taɓa maɓallin.