Wa ke biyan wasan kyauta? Nazari a kan wasannin bazara na lambun Central Park

0. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu duba wata al'ada ta birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, wato wasannin da ake yi a fili, kyauta, cikin babban lambun da ke tsakiyar birnin, mai suna Central Park. Daga watan Yuni zuwa farkon Satumba, lokacin zafinsu wanda ya dace da daminarmu, ana kaɗe-kaɗe da raye-raye da wasan kwaikwayo cikin wannan lambu mai faɗin kusan hekta 341. Ƙungiyar makaɗan Philharmonic ta birnin tana wasa cikin lambuna tun 1965. Shirin SummerStage, wanda ya haɗa kiɗa da rawa, ya soma a 1986. Amma wanda ya girme su, kuma ya fi su suna, shi ne wasan kwaikwayon Shakespeare na kyauta, kuma a kansa za mu fi tsayawa.

Tambayar da muka ɗora nazarin a kanta gajera ce. Idan ɗan kallo bai biya ko sisi a bakin ƙofa ba, ina kuɗin ya koma? A Hausa kalmar "kyauta" tana da fuska biyu: abin da aka samu ba biya, da kuma abin da wani ya ɗauko daga hannunsa ya bayar. Fuska ta farko ita ake rubutawa a kan takardun talla. Mu ta biyun muke so mu bincika, domin a ganinmu ita ce ke ƙayyade abin da ake iya faɗa a bisa dandali, da kuma wanda ke zaune yana kallo.

1. Asalin al'adar

Wanda ya kafa wannan wasa shi ne Joseph Papp (1921-1991), ɗan talakawa baƙin haure da ya tashi a unguwar Brooklyn. Ya kafa ƙungiyarsa a 1954, ya soma wasa kyauta a wani dandali na bakin kogi a 1956, sa'an nan a 1957 ya ɗora kayan wasa a babbar mota yana zagaya unguwanni, har ya yada zango a Central Park. Hujjarsa ita ce, kamar yadda hukuma ke buɗe ɗakin karatu kowa ya shiga ya ari littafi ba biya, haka ya kamata wasan kwaikwayo ya kasance.

A 1959 Robert Moses, shugaban ma'aikatar lambunan birnin, ya ce dole a riƙa karɓar kuɗin shiga, wai don a gyara ciyawar da ƴan kallo ke tattakewa. Papp ya ƙi, ya kai ƙara, ya faɗi a shari'ar farko, ya ɗaukaka ƙara ya yi nasara. Bayan haka ne aka gina dandalin dindindin, wanda ba shi da rufi, mai kujeru kimanin 1800, aka buɗe shi a 1962 da wasan The Merchant of Venice. Abin lura a nan shi ne sunan dandalin. Ba a sa masa sunan Papp ba, ba a sa masa sunan Shakespeare ba. An kira shi Delacorte, sunan attajirin mai kamfanin buga littattafai da ya cika kuɗin ginin. Ke nan tun ranar farko wasan kyauta yana da ubangida, kuma sunansa na rubuce a bakin ƙofa.

Waɗanda suka karanta tarihin wasan kwaikwayo na Faransa za su tuna da Jean Vilar, wanda ya kafa bikin Avignon a 1947 kuma ya shugabanci Théâtre National Populaire daga 1951 zuwa 1963. Manufarsu ɗaya ce: a fitar da wasa daga hannun masu hali. Sai dai Vilar ya rage kuɗin shiga ne, gwamnati ta cika gibin. Papp ya soke kuɗin gaba ɗaya a ƙasar da gwamnati ba ta cika ɗaukar nauyin al'adu ba. Saboda haka dole ya nemi kuɗin a wajen hukumar birni, da ƙungiyoyin agaji, da kamfanoni, da ribar wasu wasanninsa na kuɗi, irin su A Chorus Line na 1975, wanda ya daɗe yana ciyar da gidan. SummerStage ma haka take: tana sayar da tikitin wasu manyan wasanni don ta samu abin riƙe na kyauta.

2. Farashi na farko: bakin ubangida

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne wasan Julius Caesar na watan Yunin 2017, wanda Oskar Eustis, shugaban gidan wasan, ya tsara. An sa wa Kaisar kwat da doguwar laktaya, da gashi mai ruwan zinariya, aka ba matarsa lafazin Gabashin Turai, ta yadda babu ɗan kallon da zai kasa gane shugaban ƙasa na lokacin, Donald Trump. A tsakiyar wasan, kamar yadda Shakespeare ya rubuta, ƴan majalisa suka soke shi da wuƙaƙe. Labari ya bazu, kamfanin jiragen sama na Delta ya janye tallafinsa ga gidan, Bank of America ya janye daga wannan wasa, wasu masu zanga-zanga kuma suka katse wasan ana cikin yi. Duk da haka ba a tsayar da shi ba sai ranar da aka tsara rufewa.

Masu suka sun ce wasan yana zuga a kashe shugaba. Duk wanda ya karanta littafin ya san ba haka ba ne. Kisan yana cikin kashi na 3 daga kashi 5, kuma abin da ya biyo baya shi ne yaƙin basasa, da mutuwar Brutus da Cassius, da rushewar jamhuriyar da suka ce za su ceta. Eustis kansa ya bayyana wasan a matsayin gargaɗi ga masu son kare dimokuraɗiyya ta hanyar da ba ta dimokuraɗiyya ba.

Amma a nan muna da namu sukar, kuma ta fasaha ce. Ƙarfin wasan Shakespeare yana cikin shakka: ɗan kallo bai tabbata ba ko Kaisar azzalumi ne ko kuwa tsoron ƴan majalisa ne ya mai da shi haka. Idan aka sa masa fuskar mutumin da kowa ya riga ya yanke wa hukunci, na so ko na ƙi, shakkar ta tafi. Rabin farko ya zama wasan dariya, ɗan kallo yana jiran kwaikwayon tafiya da magana, ya daina sauraron Brutus yana fama da zuciyarsa. Haka kuma fili ba kamar ɗaki ba ne. Abin da aka yi a lambun jama'a, gaban wayoyin hannu, yana iya fita a matsayin hoton minti ɗaya wanda ba shi da kashi na 4 da na 5. Mai tsara wasa a fili dole ya san cewa yana da ƴan kallo iri biyu: waɗanda suka zauna har ƙarshe, da waɗanda za su ga wuƙa kawai.

Ta fuskar masu tallafi kuwa, abin bai zo da mamaki ba ga wanda ya san dangantakar makaɗi da ubangidansa a ƙasar Hausa. Makaɗin fada yana da ƴancin zambo, amma zambon ga abokin gaban sarki yake tafiya. A zamanin Seyni Kountché (1974-1987) ƙungiyoyin samariya sun yi wasanni masu ƙayatarwa a nan Nijar, sun yi wa ma'aikaci mai cin hanci da boka mayaudari dariya, amma kowa ya san inda iyaka take, domin wanda ya ba da dandali shi ne gwamnati. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Bambancin da ke akwai a Niyu Yok shi ne iyayen gida suna da yawa, don haka janyewar biyu ba ta kashe fitila ba. Wannan shi ne darasin 2017: abin da ya kare wasan shi ne yawan hannayen da ke bayarwa. Wasan kyauta mai ubangida ɗaya, ko gwamnati ce ko kamfani, ransa yana hannun mutum ɗaya.

3. Farashi na biyu: lokacin ɗan kallo

Kujeru 1800 ba za su ɗauki birni mai mutum sama da miliyan 8 ba, saboda haka sai an raba tikiti. Bisa al'adar da aka daɗe a kanta, ana rabawa da tsakar ranar wasan, mutum ɗaya tikiti biyu, kuma masu so sukan kama layi tun da sassafe. An yi ƙoƙarin sauƙaƙawa ta hanyar ƙuri'a a intanet da rabawa a wasu unguwanni. Ban da haka, wanda ya ba gidan gudummawa mai kauri yana samun kujera ba tare da ya tsaya layi ba. Ke nan farashin bai ɓace ba, sai dai ya sake kama: mai kuɗi ya biya da kuɗi, mai sarari ya biya da safiyarsa, wanda ba shi da ko ɗaya ya dogara da sa'a. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wannan batu ya ƙara nauyi a 2021, lokacin da aka sake buɗe dandalin bayan annobar korona da wasan Merry Wives. Jocelyn Bioh, marubuciya ƴar asalin Gana, ita ta sake fasalin wasan Shakespeare, Saheem Ali ɗan asalin Kenya ya tsara shi, kuma dukan ƴan wasan baƙar fata ne. An ɗauke labarin daga Windsor ta Ingila aka kai shi kudancin Harlem, cikin baƙin haure na Afirka ta Yamma, da shagon kitso da gidan wanki a bisa dandali, da makaɗin ganga yana buɗe wasa yana neman jama'a su amsa masa. An ɗauki wasan a hoto, an nuna shi a talabijin a 2022.

A ganinmu wannan wasa ya fi na 2017 dacewa da fili. Labarin Falstaff, tsohon maci amana da ya aika wa matan aure biyu wasiƙa iri ɗaya, suka haɗa kai suka kunyata shi, labari ne na unguwa, inda kowa ya san kowa, kuma hukunci shi ne dariyar jama'a. Irin wannan labari yana son ɗan kallo mai magana, mai guɗa, mai tsoma baki, kuma lambu yana ba da wannan dama fiye da ɗakin da aka kashe fitila aka ce kowa ya yi shiru.

Sai dai akwai abin dubawa. Gidajen biyu da labarin ya tsaya a kansu suna ɗauke da sunayen Gana da kudancin Najeriya: Ekua da Kwame, Nkechi da Nduka. Alhali titi na 116 na Harlem an san shi da laƙabin ƙaramar Senegal, kuma a can ne aka buɗe kasuwar Malcolm Shabazz, inda aka mayar da ƴan tireda na titi na 125 a 1994. Cikinsu har da Hausawa da Zabarmawan Nijar, waɗanda Paul Stoller ya yi nazarin rayuwarsu a littafinsa na 2002. Wasan ya ɗauki titinsu, amma harshen Ingilishi ya sa muryar da ta fi fitowa ita ce ta ƙasashen da ke amfani da shi. Sa'an nan ga tambayar layi: ɗan tireda da ke buɗe rumfa da safe, ko mai kitso da ke yini a tsaye, ko direban taksi, yaushe zai bar sana'arsa ya zauna a ciyawa har tsakar rana? Daga titi na 116 zuwa ƙofar arewa ta lambun layi shida ne kacal, amma tsarin rabon tikiti yana iya nesanta abin da ke kusa. Mai yiwuwa ne a ɗora mutum a bisa dandali a matsayin labari, ba tare da an tanadar masa kujera a matsayin ɗan kallo ba.

4. Abin da gidan ya yi game da haka

Adalci ne mu ce gidan wasan ya san da matsalar. A 2010 ya farfaɗo da ƙungiyar tafi-da-gidanka, wadda ke kai gajerun wasanni gidajen yari da matsugunan marasa gida da cibiyoyin unguwa, wato ya koma ga motar Papp ta 1957. Daga 2013 shirin Public Works yana ɗora mutanen unguwanni kusan 200 a bisa dandalin Delacorte tare da ƙwararru. SummerStage ita ma ta bazu zuwa lambunan gundumomi biyar na birnin. An rufe Delacorte bayan bazarar 2023 don gyara, aka sake buɗe shi a Agustan 2025 da Twelfth Night, wasan da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara da sunan Daren Sha Biyu. A ra'ayinmu, waɗannan ƙananan shirye-shirye masu zuwa inda mutane suke sun fi kusa da manufar farko fiye da babban dandalin da taurarin sinima ke cikawa, domin duk lokacin da aka sa tauraro cikin wasa layi yana ƙara tsawo, kuma mai sarari ne ke cin riba.

5. Kammalawa

Ba mu kawo waɗannan sukar don mu rage darajar al'adar ba. Shekaru kusan 70 ana nuna wasan kwaikwayo ba kuɗin shiga a tsakiyar birni mai tsadar rayuwa, kuma shari'ar 1959 ta tabbatar da cewa ciyawar lambu ba ta fi jama'ar da aka yi lambun dominta ba. Abin da muke cewa shi ne kalmar "kyauta" ba ta isa ta rufe bincike. Mai nazarin wasan fili, ko a Niyu Yok ne ko a wani wuri, bai kamata ya tsaya ga rubutun wasa da ƙwarewar ƴan wasa kawai ba. Ya kamata ya ƙirga hannaye nawa ne suka ba da kuɗin, ya ga ko janyewar ɗaya za ta rufe bakin wasan. Ya kuma tambayi ƙarfe nawa ake raba tikiti, da irin aikin da mutum zai bari kafin ya samu. Amsar waɗannan tambayoyi biyu wani ɓangare ne na ma'anar wasan, daidai da abin da aka faɗa a bisa dandali.