Tsohon da Ya Ɗauki Iska Aiki

Ku yi mini uzuri idan na cika santi, abin da na gani a garin Wilson ya fi ƙarfin in haɗiye shi ni kaɗai. Na je Amurka ne duba 'yata da ke aure a Raleigh, babban birnin jihar Karolina ta Arewa, da niyyar in yi wata biyu ina fama da tsokanar jikoki in dawo. Ban yi zaton zan komo ina yi wa mutane wa'azi a kan tsofaffin ƙarafa ba.

Wanda ya jawo mini wannan maƙwabcinsu ne, wani dattijo da ya yi ritaya kamar ni, mai abubuwan sha'awa biyu da ba sa ga maciji da juna: walda da riƙon karnuka. Riƙo nake nufi kamar yadda muke cewa ɗan riƙo. Gidan da ake tara karnukan da ba su da masu su kan cika ya batse, sai a nemi masu zuciya su ɗauki ɗaya zuwa gida, su ciyar, su yi jinya, su koya masa zama da mutane har a sami mai ɗauka na dindindin. Mu da muka san kare a hannun mafarauta ko a bakin garke, abin ya fi kama da almara. Ni dai daga nesa nake gaisawa da su saboda alwalata, shi kuma dattijon ya gane, yana ganina zai ja igiya.

Wahalar da yake sha kuwa ba kaɗan ba ce. Karyar da na tarar a hannunsa tana da tsutsar zuciya, cutar da sauro ke ɗauka daga kare zuwa kare. Bayan an yi mata allura dole a hana ta gudu da tsalle na makonni, don kada matattun tsutsotsin su ɓalle su toshe jijiyoyin huhu. To ka hana ƙaramar karya tsalle mu gani! Ga ta da tsoron ƙara. Da ya kunna injin goge ƙarfe sai ta shige ƙarƙashin gado tana karkarwa. Hasken walda yana cutar da ido, ɓurɓushin ƙarfe yana shiga dagi. Haka zakaran da yake ƙerawa da tsofaffin shebur ya yi wata guda a gareji ba kai. Ranar da likita ya ce ta warke, ya ce mini in shirya, zai kai ni in ga malaminsa.

Malamin ya rasu tun 2013, amma aikinsa yana nan yana juyi. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba daga Raleigh zuwa gabas. Wilson tsohon garin cinikin ganyen taba ne, kuma a tsakiyarsa aka keɓe fili mai kamar eka biyu aka kakkafa ayyukan malamin, Vollis Simpson, guda 30. Muna shan kwana na hango su sama da rufin gidaje, na ce Allahu Akbar ban san na faɗa ba.

Ka ɗauki farfelar da yara ke yi da kara da takarda suna gudu da ita a layi. Ka mayar da ita ƙarfe, ka ɗaga ta sama ƙafa 40 ko 50, ka liƙa mata wasu farfeloli goma-goma, manya da ƙanana, ja da shuɗi da rawaya, kowacce da nata saurin. Sannan ka haɗa su da sarƙa da ƙafar keke da boris, yadda idan babbar ta juya za ta motsa wani mutum-mutumi yana tuƙa keke a sararin sama, wasu biyu suna ja-in-ja da zarto, ga alfadarai suna jan amalanke. Babu lantarki, babu fetur. Iska ce kawai ma'aikaciyar, ba albashi ba yajin aiki. Idan ta lafa sai komai ya yi tsit kamar kasuwa ranar ruwa. Da ta kaɗa sai filin ya ɗauki ƙara, nan ƙyar-ƙyar, can kaca-kaca, wani yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na yi tsaye baki buɗe har jikana ya ce, "Kaka, ƙuda zai shiga!"

Abin da ya fi kashe ni shi ne matsawa kusa. Daga nesa kayan ado ne, daga kusa kuwa bola ce zalla: fankar sanyaya ɗaki da ta mutu, gangar keke, kofunan ƙarfe, guntayen allunan hanya da aka yanyanka. Allunan nan su ne sirrin dare, domin suna mayar da haske. Mun jira har bayan magariba don mu gani, kuma wallahi ko kwana aka ce in yi zan yi. Haske yana faɗa musu sai sama ta cika da ƙyalƙyali mai motsi, kamar an watsa taurari a faranti ana girgizawa.

Shi Simpson ɗin ba ɗan makarantar zane ba ne. An haife shi a 1919, ya yi rayuwarsa a ƙauyen Lucama kusa da Wilson, yana gyaran injuna, yana kuma sana'ar ɗauke gida sukutum a mayar da shi wani wuri. A Yaƙin Duniya na Biyu, yana soja a tsibirin Saipan, ya haɗa injin wankin kaya mai aiki da iska daga tarkacen jirgin yaƙi. Ka ga tun can ya gano cewa iska ba ta ƙin aike. Da ya ajiye aiki yana da shekara sittin da 'yan kai, shekarun da yawancinmu muke neman inuwa da tabarma da rediyo, sai ya waiwayi tulin ƙarafan da suka taru a gonarsa ya fara hawa sama da su. Kusan shekara 30 ya yi yana wannan, har ya rasu yana da 94.

Duniya ce ta biyo shi gona. Aka kafa aikinsa mai tsayin ƙafa 55 a gaban wani gidan adana fasahar waɗanda suka koya wa kansu a Baltimore, aka kai wasu Atlanta lokacin wasannin Olamfik na 1996. A shekarar da ya rasu jiharsa ta ayyana irin waɗannan farfeloli a matsayin fasaharta ta gargajiya. Da tsufa ya hana shi hawa yana zuba girisi, tsatsa ta fara ci, sai mutanen Wilson suka sauko da su ɗaya bayan ɗaya, suka kankare, suka sake fenti, suka canza boris, aka buɗe filin a watan Nuwamba na 2017. Shiga kyauta ne. Kyauta fa!

Ƙorafina ɗaya, kuma ba laifin kowa ba ne: da na so in gan su a gonar da aka haife su, cikin ciyawa da itatuwa, mai su yana gefe da baƙin mai a hannu. Filin birni ya yi musu tsaf da yawa. Sai kuma wani ɗan kishi da ya taso mini da na tuna Panteka a Kaduna, inda na sha ganin yara suna mayar da mataccen ƙarfe murhu da injin niƙa. Hannun yana nan, ƙarfen yana nan. Wanda zai ɓata shekara 30 yana ƙera abin da ba a sayarwa, don kawai ya ga yana juyi, shi ne ban taɓa cin karo da shi ba, kuma ba na zargin kowa, mai neman na cefane ba ya wasa da iska.

Mako biyu kafin in taso aka sami masu ɗaukar karyar, wasu ma'aurata matasa. Dattijon ya miƙa igiya da kwanon abincinta, ya yi ta dariya har motar ta ɓace, sannan ya shige gareji ya rufe. Kwana uku muna jin ƙarar injin. Zakaran dai har na bar garin ba shi da kai. Abin da ya fito da shi ya kafa a bakin shinge wata 'yar karya ce ta ƙarfe, da farfela a gadon baya da wutsiyar tsohon cokali mai kaɗawa idan iska ta taso. Yana cikin ɗaure ta da waya aka kira shi daga gidan karnuka, wai akwai 'yan kwikwiyo huɗu da aka tsinta a kwali.